Rijiyar Inna Kulu da Daɓenta Mai Ƙyalli

Ku samarin da kuka dawo daga ramukan zinari kuna cewa za ku koma haƙar rijiya, wai ai rami rami ne, ku matso ku ji. Na haura shekara arba'in ina shiga ƙasa ina fitowa, daga Gummi zuwa Bukkuyum har ƙauyukan Anka. Mai haƙar zinari gudun ruwa yake yi, da ya ga ya tsattsafo sai ya tattara kayansa. Mu kuwa shi muke farauta, kuma abin da mutum ya saba gudu ba ya iya farautarsa rana ɗaya.

Rijiyar farko da na tsaya a bakinta ta wani majemi ce a bayan garin Gummi. Ubangidana Baba Labbo ne ke ciki, ni ina sama riƙe da igiya. Shekara biyu cur ban taɓa dagi ba, igiya kawai. Ya ce wanda bai san nauyin ran mutum a tafin hannunsa ba, bai isa a riƙe masa igiya ba. Amma a wannan tsayuwar ya koya mini karatun da ya fi wanda na yi a aji. Duk gaba ɗaya da ya haƙa, sai ya aiko da ƙasa cikin guga ya ce in ɗebi tafi guda in ajiye a inuwa, in jera su bi da bi. Da yamma ya fito ya tsuguna gaban layin ya ce, “To, Mamman, karanta mini.” Baƙar ƙasa ta noma, jar ƙasa, marmara, yumɓu mai danƙo, sai rairayi mai sanyi da ke gaya maka ruwa ya kusa. Idan na yi kuskure ba ya duka. Sai ya damƙa mini ƙasar ya ce in shaƙa, in murza, in ɗora a harshe.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Dagi gajere don ƙunci, diga mai ƙaramar ƙota, kurfi da guduma don dutse, guga, igiya, gwafa biyu da itace gicciye a kai. Sai fitilar aci-balbal da ake zurawa kowace safiya kafin mutum ya shiga. In ta mutu a ƙasa, iska ta ɓaci, sai a ɗaura reshen ganye a igiya a yi ta sama da ƙasa da shi har ramin ya sha iska. Ƙasar Gummi kusa da gulbi tana ba da ruwa da wuri, amma rairayi ne, yana rufta wa mutum ba sallama. Ta Anka da Bukkuyum ba ta cika ruftawa ba, sai dai dutse ne, yana cinye kurfi, yana cinye kafaɗa.

Abu biyu Baba Labbo ya fi nanatawa. Na farko, ƙwaryar farko ta sabon ruwa mai haƙa ke shanye ta a gaban mai rijiya, don in akwai sharri ya fara da shi. Na biyu, yakan ce, “Rijiya ta baki take mutuwa, ba ta gindi ba.” Don haka ginin baki da daɓen da ke kewaye da shi, ba a yin su sai da yashin gulbi wanda ruwa mai gudu ya wanke, komai nisansa. Na farkon na riƙe shi har ya so ya ruɗe ni. Na biyun kuwa na yar da shi da hannuna, kuma labarin da zan ba ku ke nan.

Rijiyar Inna Kulu na haƙa ta ne a shekarun da zinari ya tashi. Tungarsu tana gindin wani dogon dutse tsakanin Anka da Bukkuyum, shi ya sa kowa ke ce mata Gindin Dutse. Dutsen duk an huda shi kamar gidan gara. Ana sauko da duwatsu a buhuna, a niƙa a injin da dā ake niƙan dawa da shi, a wanke garin a wani kududdufi da ke saman tungar kaɗan. Ɗan Inna Kulu ya samu rabonsa, ya ce uwarsa ta gama ɗaukar tulu, a yi mata rijiya a ƙofar gida. Lokacin Baba Labbo ya riga mu gidan gaskiya, ni ne ubangidan kaina, abokin aikina kuma taubashina Bawa, shi ke riƙe mini igiya.

Na duba wurin na ga yana gangare, ƙasa da kududdufin wankin nan. Na san ruwan sama in ya sauko daga dutsen ta nan zai bi. Amma na kuma san a gangare ruwan ƙasa ba ya nisa, aikin zai yi sauƙi. Na zaɓi sauƙin. A gaba shida muka same shi, garau. Sai maganar yashin daɓe. Gulbi da nisa, hanya ba kyau, kuma kowane ɗan kabu-kabu da kowane mai jaki dutsen zinari yake ɗauka, ba wanda zai kalli yashi. Ga shi kuwa a bayan gida an tara garin dutsen da aka wanke aka zubar, tsibi guda, laushi kamar garin tuwo, yana walƙiya a rana. Na damƙa na murza. Ban taɓa taɓa yashi mai kyau irinsa ba.

Bawa ya ce, “Mamman, tsoho hwa yashin gulbi ya ce.”

Na ce, “Tsoho bai ga wanga gari ba. Da ya gan shi da ya sake magana.”

“To ai shi ke nan. Tun muna yara kai ka fi kowa sani, shi ya sa har yau ba ka da jaki.”

Muka yi dariya, muka kwaɓa da siminti. Daɓen ya fito sumul, yana ƙyalli kamar an yayyafa masa taurari. Na sha ƙwaryar farko a gaban Inna Kulu, ruwa mai daɗi, ba zartsi ba wari. Na ce mata, “Inna, harshena ya shaida.” Mutane suka riƙa zuwa kallo daga wasu tungage. Kafin shekara ta zagayo na yi wa rijiyoyi biyar irin wannan daɓe, kowa yana cewa a yi masa irin na Inna Kulu. Daɓenta kuwa ya zama dandali. Yana da sanyi da rana, jikokinta da yaran unguwa a nan suke rarrafe, a nan suke cin dambu, mata su shanya tsaki a gefe.

Ina tsakiyar wata rijiya a Adabka mummunar shekarar ta same mu. Aka fara jin yara ƙanana suna sanƙarewa a ƙauyukan da ake niƙan dutse, wajen Dareta da maƙwabtansu. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce zazzaɓi. Daga baya rediyo ta ce gubar dalma ce da ke cikin dutsen, tana bin ƙura ta shiga cikin yaro ta hannu da baki. Ina jin haka na ce wa Bawa ya ja ni sama. Na ce, “Garin nan da munka yi daɓe da shi.” Bai ma yi tsokanar da ya saba ba, ya hau naɗe igiya.

Mun iske ma'aikatan lafiya a Gindin Dutse. Akwai wata malama a cikinsu riƙe da wata na'ura kamar babbar tocila, tana ɗora bakinta a ƙasa sai lamba ta fito. Ta ɗora a tsakar gida, ta rubuta. Ta ɗora a daɓen Inna Kulu, ta ɗaga, ta sake ɗorawa, sannan ta ce a kwashe yaran daga kai.

Ta ce, “Wa ya yi wannan aikin?”

Na ce, “Ni ne, Malama.”

“Da me, Baba?”

Na nuna mata tsibin. Na ce, “Amma na sha ruwan da bakina, ba shi da komai.”

Ta ce, “Dalma ba ta da ɗanɗano, Baba. Ba ta wari, ba ta sauya launin ruwa. Kai babba ne, jikinka na iya ɗauka. Yaro ba ya iyawa.”

Ta nuna mini inda igiya da gindin guga suka cinye daɓen, garinsa yana komawa ciki da ruwan da ya zube. Ta ce sun gwada lakar gindin rijiyar, abin ya taru a can, kuma duk damina ruwan da ya wanko wurin wankin dutse ta nan yake malalowa. Ta ce wannan rijiya ba ta gyaruwa, rufewa za a yi. An yi rashin yara a tungar nan a shekarar. Ban san kason daɓena a ciki ba, ba kuma zan ce ba shi da kaso ba.

Sauran rijiyoyi biyar ɗin ba su ba ni wahala ba. Suna kan tudu, baki kawai na lalata musu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, na faɗa wa masu su abin da na yi, na fasa, muka yashe, na sake gini da yashin gulbi. Wani ya zage ni, wani ya ba ni fura. Inna Kulu ce ta tsaya. Na zo da guduma na iske ta zaune a bakin rijiyar kan kujerarta 'yar tsugunno.

Ta ce, “Ina za ka da wanga abu, mai rijiya?”

Na ce, “Inna, rufe ta za a yi. Ni na ɓata ta.”

“Na ji. In ka rufe, mi ɗiyan unguwa za su sha? Kududdufin da ake wankin dutse? Ko ƙoramar da ta ƙafe tun watan jiya?”

Gaskiya ta faɗa. Rabin tungar a nan suke ɗiba.

Ta ce, “Kai ka ce mani harshenka ya shaida. To ka kawo mani wani ruwa, sannan ka taɓa wanga. Kafin nan ko tsakuwa ba ka ɗauka.”

Muka shimfiɗa tabarmi a kan daɓen, aka hana yara zama, ana ɗiba a bari ya kwanta a tace da ƙyalle, duk da mun san wannan rage zafi ne kawai. Bazara ta yi nisa. In ruwan farko ya sauka, zai kwaso ƙurar shekara guda daga gangaren ya juye a rijiyar da yara ke sha, kuma ba a haƙar sabuwa da damina. Abin da ke gabana bai wuce wata ɗaya da 'yan kwanaki ba.

A nan ne, samari, na yi aikin da ya fi kowane daɗi a rayuwata, ko da yake kunya ce ta kai ni. Na hau dutsen da igiya da tsakuwa ɗaure a bakinta. Sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba: masu zinari sun buɗe mini cikin dutsen kyauta! Rami ya fi a ƙirga, kowanne taga ce. Abin da Baba Labbo ke jerawa tafi-tafi a inuwa, ga shi a tsaye a bangon rami ina karantawa da ido. Jar ƙasa a sama, ƙarƙashinta ruɓaɓɓen dutse mai ɓarewa falle-falle, ƙarƙashinsa baƙin fa mai tauri, sai farin dutsen ƙanƙara ya ratsa su kamar jijiya a nama. Na riƙa bin ramukan da aka bari ina zura tsakuwata, ina tambayar masu haƙa, “Gaba nawa ruwa ya kore ku a nan?” Suna dariya suna cewa tsoho ya zo neman zinari da igiya.

Kwana uku ina wannan, sai abin ya haɗu a kaina. Ramukan da ke cikin baƙin fa zalla busassu ne ƙayau komai zurfinsu. Waɗanda ke bin gefen farar jijiyar nan kuwa duk da ruwa a gindinsu, don a gefenta dutsen ya tsattsage. Ashe ruwan sama gangare yake bi, na ƙasa kuwa tsaga yake bi, kowa da hanyarsa. Jijiyar ta haura ƙoƙuwar dutsen ta gangara bayansa, inda ba wanda ya haƙa don an gwada ba a ga zinari ba. Ruwan saman da ya sauka a can baya, yamma yake nufa, ba ya haɗuwa da na wurin wanki ko kaɗan.

A bayan dutsen na haɗu da Jauro Buba, wani Bafulatani da rugarsu ke wajen. Ya ga ina ta leƙen ƙasa ya ce, “Mai rijiya, abin da kake nema shanuna sun riga ka sani.” Ya kai ni gindin wani ɓaure da ganyensa ke kore shar a tsakiyar bazara, kusa da shi ga suri da gara ke ɗora wa ɗanyar laka. Ya ce da asuba shanu kan tsaya nan suna lasar dutse. Na duba, ɓauren yana daidai kan layin jijiyar. Na ja da baya taki ashirin don saiwa, na zana da'ira da dagi. Daga nan zuwa gidan Inna Kulu tafiyar da ba ta kai a gaji ba ce, in an bi ta wuyan dutsen.

Bawa ya kalli wurin ya kalle ni. “A kan dutse? Wancan karon ka haƙa inda bai kamata ba don sauƙi, yanzu za ka haƙa inda ba shi yiwuwa don tuba. Ni dai igiyata ba ta yi laifin komai ba.”

Na ce, “Riƙe dai, ragon maza.”

Gaba uku na farko jar ƙasa ce, kwana huɗu muka wuce ta. Ruɓaɓɓen dutsen ma diga na cinsa. A gaba bakwai muka ci karo da fa. Kurfi yana tsalle, hannu yana tsagewa, yini guda ba ka cika guga biyar ba. Sai muka koma dabarar tsofaffi: a tara itace a gindin ramin a cinna wuta ta ci har dutsen ya yi ja, a sheƙa masa ruwa daga sama, ka ji yana fashewa kamar ana harbi. Washegari a yi fifita da ganye, a zura fitila, in ta rayu in shiga in kwashe ɓaraguzai. Ruwan da muke sheƙawa Jauro Buba ne ke kawo mana a kan takarkari. Kullum da la'asar hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa, Bawa yana leƙo ni yana cewa, “Yi sauri, baƙonka ya ɗaura sirdi.”

Ranar da ba zan manta ba, ina gaba tara da 'yan kai. Na sa kurfi a gefen farin dutsen na buga, sai ƙarar ta sauya. Dā tana cewa ƙal, yanzu ta ce dum, kamar an bugi tulu. Na zaro kurfin na ga bakinsa da danshi. Na shafa a kumatu don in tabbata ba gumina ba ne, sanyi ƙalau. Na sake bugu uku, wani falle ya ɓalle, sai ga ruwa ya tsarto daga tsagar, siriri kamar tsinke, ya bugi gwiwata. Kafin in gyara tsayuwa ya kai kaurin yatsa. Na ɗaga kai na ce, “Bawa, ya zo.” Ya ce, “Wa?” Na ce, “Wanda ka ce ba shi zuwa.” Sai na ji igiyar tana rawa, ashe tsohon banza rawa yake yi a sama da raina a hannunsa.

Kafin azahar tungar ta taru. Aka kawo Inna Kulu a bayan babur. Bawa ya ɗebo ƙwaryar farko ya miƙo mini kamar yadda aka saba. Ruwa fari tas, ƙishi kuma yana cina. Na karɓa, na ɗura a wata kwalba da malamar nan ta bar mini don gwajin ruwa, na toshe, na ba ɗan kabu-kabu ya kai musu can inda suke gwaji.

Inna Kulu ta ce, “Yau ga sabon salo. Mai haƙa ya ƙi shan ruwanshi, mu wa za mu bi?”

Na ce, “Inna, harshen nan ya taɓa yi maki shaidar zur. Ba ni sake sa shi gaba.”

Ta ce, “Ashe kana da kunya. To mu jira.”

Kwana shida muka jira. Ban zauna ba. Jauro Buba ya ba da takarkarai biyu muka yi sawu uku zuwa gulbi, muka gina baki har ƙugu, muka yi daɓe da ya gangara waje, da 'yar hanya da za ta kai ruwan da ya zube can nesa inda dabbobi za su sha. Daɓen ya fito garas-garas, ba kyan gani. A rana ta shida malamar ta zo da kanta. Ta ɗora na'urarta a sabon daɓen, ta duba takardarta, ta ce, “Baba, sha ruwanka.” Na shanye ƙwarya guda ban sauke ba.

Da muka koma ƙofar gidan Inna Kulu, ita ta ɗauke kujerarta da hannunta, ta yaye tabarmin. Daɓen yana nan yana ƙyalli kamar ranar da na gama shi. Ta ɗan tsaya tana kallonsa, sannan ta ce, “Wallahi ya yi kyau, ɗan banza. Fasa shi.” Na ɗaga guduma. Muka zuba ɓaraguzan a buhuna aka kai ramin da ma'aikatan suka tanada don gurɓatacciyar ƙasa, muka cike rijiyar da jar ƙasa mai tsabta, muka danne da duwatsu. Kwana huɗu bayan haka aka yi ruwan farko. Na tsaya a zaure na ga jan ruwa ya gangaro daga wurin wanki, ya bi ta kan inda rijiyar take dā, ya wuce abinsa.

Rijiyar bayan dutse tana nan har yau, ba ta taɓa ƙafewa ba, mutanen wurin suna ce mata Mummuna saboda daɓenta. Wanda ya ji har yanzu yana son sana'ar, ya same ni gobe bayan sallar asuba. Kada ya wahalar da kansa da kawo diga. Igiya zai riƙe, shekara biyu.